Magen da Yaya Ta Bari

Shekaru kaɗan kafin Faransawa su miƙa mulki aka kai yayata gidan miji a Fallomi, garin da yanzu ake kira Injamena. Mu muna Bangi, a unguwar Kilomita Biyar, inda aka binne cibiyarmu mu biyu. Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Katsina, suka yi ta gangarowa kudu har Baba ya samu wurin zama, ya buɗe shagon atamfa da yadi a bakin kasuwa. Gidanmu yana bayan shagon, ginin jar ƙasa da rufin kwano, da mangwaro a tsakar gida wanda ya girme ni. Mu biyu kaɗai Inna ta raya, Yaya da ni. Ɗakinmu ɗaya, gadonmu ɗaya tun ban san kaina ba.

Auren so aka yi. Mijin ɗan wani abokin cinikin Baba ne, yakan zo Bangi sarin kaya, kuma Yaya da bakinta ta ce shi take so. Duk kwanakin biki dariya take yi. Sai da aka zo ɗora kayanta a mota ta fara kuka, kuma ba a kaina ta fara ba, a kan magenta ta fara.

Magen nan a kwata ta tsince ta, bayan rumfunan masu kifi, wata rana da aka tafka ruwa. Ko ido ba ta gama buɗewa ba. Yaya ta naɗo ta a bakin zane, ta riƙa tsoma tsumma a madara tana ba ta tana tsotsa, har Allah ya raya ta. Ta girma ta zama doguwa mai launin toka, da ja-ja a kafaɗa da gefen fuska, ƙirjinta fari, kunnenta na hagu da 'yar tsaga da wani muzuru ya yi mata. Ba a sa mata suna ba. Yaya dai tana da kiran da take yi mata: ta kaɗa harshe, sannan ta ja murya ta ce, “Taho, 'yar gata.” Ko tana kan rufin maƙwabta sai ta sauko.

Yaya ta so ta tafi da ita. Kawu, ƙanin Inna, shi ne direban babbar motar da za ta kai su, hanyar Fallomi kuwa sana'arsa ce. Ya ce tafiyar kwanaki ce cikin zafi da girgiza, mage ba za ta jure ba, a zangon farko za ta tsere cikin daji. Yaya ta san gaskiya ya faɗa. Ta ɗora mini ita a hannu, ta ce in riƙa ba ta madararta da safe kafin kowa ya karya, kada kuma in bari a jefe ta. Ban da wannan ba ta bar mini wani sallahu ba.

Bayan tafiyarta gidan ya yi mini faɗi. Nakan kwanta a gefena na gado in bar nata gefen, ko da yake ba wanda zai hau. Nakan juya da niyyar in faɗa mata wani abin dariya da na gani a kasuwa, sai in tarar da bango. Mage kuwa ta yi ta zagaye tana shinshina duk inda Yaya ta saba zama, daga baya ta gaji, ta koma kwanciya a bakin zaure ta ba tsakar gida baya.

Inna kuwa ta ci gaba da aikinta kamar kullum. Yaya 'yar fari ce, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta wasa da ita, ba ta yabonta a gaban mutane. “Waccan” take ce mata, ko “yarinyar nan”. Bayan auren ko wannan ma ta daina. In maƙwabta suka tambayi labarin amarya sai ta ce su tambaye ni. A cikin wannan kunyar na tashi, na san haka al'ada take, amma a lokacin gani nake ni da mage kaɗai muka yi rashi.

Duk sa'ad da Kawu ya dawo daga arewa, kafin ya sha ruwa nake tare shi. Yakan ce lafiyarta lau, ta yi ƙiba, dangin miji suna ji da ita, har ta fara kama Larabcin mutanen can. Wata dawowa da ya yi, bayan ya gama isar da gaisuwar kowa, sai ya ce da zai fito ta biyo shi har ƙofa, ta riƙe masa hannun riga ta tambaye shi wane kunnen mage ne mai tsaga, na dama ko na hagu. Ta ce ta wuni tana tunani ta kasa tunawa. Shi kuma bai sani ba, bai taɓa lura ba. Ya faɗi wannan yana dariya, ni kuwa na tashi na shiga ɗaki. Tsoro ne ya kama ni, in kunnen mage ya ɓace mata yau, gobe me zai ɓace?

Kawu ya ga yadda maganar ta taɓa ni, shi ya kawo shawarar mai zane. Akwai wani mutum a unguwar Miskin, nan cikin Bangi, wanda ya zana masa tsuntsaye da kifaye a jikin motarsa. A birnin Barazabil na ƙasar Kwango ya koyo aikin, kuma ba allon shago kaɗai yake yi ba, har Turawa sukan kawo masa hoton karnukansu ya zana musu da fenti. Kawu ya ce in aka zana magen shi zai kai wa Yaya da hannunsa.

Sai da muka bi ta kan Baba. Baba ba ya son siffar abu mai rai, shi kansa hoto ɗaya ya taɓa ɗauka, na takardar tafiya, shi ma don dole. Kawu ya yi masa bayani a zaure ina laɓe ina ji. Baba ya ce ba za a rataya masa irin wannan a gida ba. Kawu ya ce ai ba a gidansa za a rataya ba, can za a kai. Baba ya yi shiru, ya ci gaba da jan carbi. Mu da muka san shi, shirun nan ya ishe mu.

Rumfar mai zanen tana ƙarƙashin wata bishiya, ko'ina warin fenti da kananzir, ga alluna jingine wasu an gama wasu da saura. Siririn mutum ne mai furfura a gemu, ba Musulmi ba, kuma ba ya jin Hausa, da Sango, harshen mutanen Bangi, muka yi magana. Madmazel yake ce mini, yadda Faransawa ke kiran budurwa, abin da ba wanda ya taɓa kirana da shi, har na rufe baki da mayafi. Ya ce ba zai yiwu a kawo masa mage rumfa ba, don ba za ta zauna ba, shi kuma ya san ba zai shiga cikin gidanmu inda mata suke ba. Sai dai a ɗauko masa hotonta, ya zana daga nan.

Muka ɗauka abu ne mai sauƙi. Akwai mai ɗaukar hoto a bakin kasuwa, abokin Kawu, yana da labule mai zanen bene da furanni inda samari ke tsayawa da hula a karkace. Na sa mage a kwando na rufe da zane na kai ta. Tun a hanya take kuka. Da aka buɗe kwandon ta kwantar da kunnuwa, ta kumbura, ta yakushe ni a hannu. Mai hoton ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma da aka wanke sai ga wani abu baƙi-baƙi mai kai biyu a jikin ƙirjina. Mai zane ya duba ya girgiza kai. Ya ce ko da hoton ya fita sarai, dabbar da ta firgita ce a ciki, ba wadda yayata ta sani ba. A gida za a ɗauke ta, inda ta saba, kuma wanda ta yarda da shi ne zai ɗauka.

Haka aka yi na riƙe kyamara karo na farko a rayuwata. Kawu ya aro mini wata 'yar ƙarama a wurin abokin nasa, kamar ƙaramin akwati baƙi, mai madauri. Ba a kai ta ido, a ciki ake riƙe ta, a sunkuya a leƙa wata 'yar taga ta gilashi a samanta. Ya nuna mini inda ake dannawa, da abin da ake murɗawa bayan kowace ɗauka don kada hoto ya hau kan hoto. Ya ce in riƙe numfashina sa'ad da zan danna, kuma in yi a hankali, fim ɗin ba ya ɗaukar da yawa.

Cikin ɗoki na cinye fim ɗin farko a yini ɗaya. Da aka wanke muka kai Miskin, mai zane ya jera hotunan a kan benci ya yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba dariya. Wannan a tsaye na ɗauka, don haka gadon bayanta kaɗai ake gani da kan kunnuwa. Wancan da tsakar rana ne, rana ta daki kanta, idanun sun zama ramuka baƙaƙe. Wani na matsa kusa da yawa, ya fito dishi-dishi, don irin wannan kyamara ba ta ganin abin da ke dab da ita. Wani kuma ya yi kyau, sai dai bayanta tukwane ne da itace da kaji, ba a gane inda mage ta ƙare inda tukunya ta fara.

Sai ya durƙusa a ƙasa a gabana, babban mutum da shi, ya kwantar da kai kusa da turɓaya.

“Madmazel, ki sauka inda take,” in ji shi. “Idon kyamara daidai da idonta. In kina sama tana ƙasa, dabba kawai kika ɗauka.”

Ya ce in nemi hasken safe, kafin rana ta yi ƙarfi, ko inuwa mai haske, kuma hasken ya zo mata daga gefe, don a ga ɗan ƙyallin nan a cikin ido. In rataya zane marar ado a bayanta. In ja da baya kamar tsawon tabarma, ko ta fito ƙarama ba komai, yana da gilashin da ke ƙara girman abu. In samo masa fuska, in samo masa gefe, in samo zamanta gaba ɗaya har wutsiya. Daga nan ya tambaye ni abin da ban zata ba: in yayata ta rufe ido ta tuno magen nan, a wane hali take ganinta?

Ban yi dogon tunani ba. Akwai wani tsohon turmi da aka kife a gefen ƙofar ɗakinmu. Kullum da safe mage takan hau ta zauna a kai, ta naɗe wutsiya a ƙafafu, ta karkatar da kai wajen labule tana jiran Yaya ta kira ta ta fito da madara. Na kwatanta masa da kaina da wuyana. Ya ce to, wannan zaman yake so, in na samo shi sauran duk ƙari ne.

Matsalar ita ce tun tafiyar Yaya mage ta bar wannan zaman. In na ɗora ta a turmin takan zauna, don ba ta da gardama da ni, amma a takure, kai a ƙasa, ido a lumshe. Na rataya wani shuɗin zane na Inna a jikin bango bayan turmin. Na kife ƙwarya a ƙasa na ɗora kyamara a kai, ni kuma in durƙusa in sunkuya ina leƙe har gwiwoyina su yi ja da ƙasa. Na gwada kifi, na gwada gashin kaza a bakin zare. Takan kalla, ta kau da kai. Na gwada kiran Yaya, na kaɗa harshe yadda take yi, na ja murya. Ko kunne ba ta motsa ba. Muryata siririya ce, ta Yaya kuwa mai kauri ce da ɗan kaushi a ƙarshe. Kowa a unguwa ya san muryar wa ta ɗauko, don maƙwabta sun sha amsa wa Yaya ta bayan katanga suna zaton Inna ce.

Na san wannan, amma ban iya roƙo ba. Ta yaya zan ce wa Inna ta ari bakin 'yar farinta? Haka na yi ta fitowa kowace safiya ina durƙuso, hasken ya zo ya wuce, in naɗe zanen in mayar. Inna tana gefe a kan kujerarta 'yar tsugunne, tana tsintar shinkafa ko gyaran ganye, ba ta taɓa ɗaga kai ta dube ni ba. Damina ce, wasu ranakun ma hadari ke rufe garin, ba hasken da za a jira.

Wata safiya aka wayi gari an yi ruwa an ɗauke, ganyen mangwaro yana ɗiga, haske ya shigo tsakar gida mai laushi. Na ɗora mage a turmi na koma mazaunina. Ina cikin leƙe na ji Inna ta ajiye faifai. Ta tashi ta wuce ta gabana, ta shiga ɗakinmu, ɗakin da rabonta da shi tun ranar da aka fitar da kayan Yaya, ta saki labule. Na ɗauka wani abu za ta ɗauko.

Sai na ji an kaɗa harshe.

“Taho, 'yar gata.”

Ni kaina sai da na ɗago na dubi ƙofar. Har kaushin nan na ƙarshe yana nan. Da na mai da ido kan gilashi, mage ta miƙe zaune, kunnuwa a tsaye, ta karkatar da kai wajen labule, idanunta a buɗe tar. Na riƙe numfashi na danna. Na murɗa, Inna ta sake kira, a hankali wannan karon, na sake dannawa. Ban samu na gaba ba, don mage ta dira ta shige ƙarƙashin labule a guje.

Jim kaɗan ta fito ita kaɗai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi dama ta dubi hagu, ta sake komawa ciki, ta sake fitowa. Inna kuwa ta daɗe a ɗakin. Ban bi ta ba, na zauna a ƙasa da kyamara a cinya ina jin kwanon rufi yana ƙara da ɗumin rana. Da ta fito idanunta sun yi ja. Ta ce mini ƙarƙashin gadon nan ya yi ƙura, in share shi yau, ta koma kan shinkafarta.

Hoton farko ya ɗan girgiza, na biyun kuwa ya fita. Mai zane ya ɗora gilashinsa a kai ya daɗe yana kallo, ya ce ga ƙyallin ido, ga tsagar kunne, har gashin baki ana iya gani. Ya ce yanzu ya san wadda zai zana. Saura launi, don hoton wancan zamani baƙi da fari ne, bai san ko tokar mai duhu ce ko mai haske ba, bai san irin jan ba. Na yi ta kwatance da baki, Sangona ya ƙare ban gamsar da shi ba. Ya ce tunda 'yar mai yadi ce ni, in kawo masa ƙyallaye masu launin jikinta.

Washegari na shiga shago lokacin da ba masu saye, na zauna a bayan kanta ina tona buhun ragowar yadi. Baba yana auna wani bandir bai tambaye ni abin da nake nema ba. Na ware toka ɗaya da ja ɗaya na ajiye a gefe. Sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba, wannan jan ya yi wuta da yawa, kafaɗarta ba haka take ba. Ya ajiye ma'auni, ya sa hannu a can ƙasan kanta ya jawo wani yadi mai launin jar ƙasa da ta sha rana, ya yanko bakinsa da almakashi. Ya canza mini tokar ma, ya ce bayanta ya fi cikinta duhu, sai an kai biyu. Na yi ta kallonsa, don ban taɓa ganin ya dubi magen nan ba in ban da ya ce a kore ta daga kan buzunsa.

“Idon fa, Baba?” na tambaya.

“Babu shi a shagon nan,” ya ce. “Ki tsinki lemun tsami wanda ya fara nuna bai gama ba, ki kai masa.”

Na kai ƙyallaye da lemo Miskin. Mai zane ya karɓa, sannan ya ce akwai abin da yake so ya tambaye ni kafin ya fara. Ya miƙo mini gilashin ya nuna can gefen hoton, inda bakin ƙofar ɗakinmu ya shigo. Yatsu ne, sun riƙe gefen labule daga ciki. Ni ban ma lura da su ba. Ya ce zai iya barinsu waje, mage kaɗai aka ce ya zana. Na ce ya bar su a ciki. Ya tambaya ko akwai lalle, na ce akwai, ya fara kodewa, da zoben azurfa a ɗan yatsan tsakiya.

Sai da damina ta ja baya mai zane ya gama. A kan allo ya yi shi, bai fi faifai girma ba. Kawu ya kawo shi gida a naɗe cikin takarda ranar da zai yi lodi. Baba ya duba a zaure, ya ce kafaɗar ta yi daidai, ya mayar masa. Na shiga da shi ciki na buɗe a gaban Inna. Ga mage a kan turmi kamar za ta yi motsi, ga shuɗin zane a bayanta. Na ga idon Inna ya tafi gefen allon ya tsaya. Ta janye hannunta ta sa a ƙarƙashin mayafi. Ba ta ce a goge ba. Ta tashi ta ɗauko wani sabon zanenta da ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta naɗe allon da kanta ta ɗaure, ta haɗa da manja da garin rogo da busasshen ganyen miyar nan da mutanen Bangi ke kira koko, abubuwan da ba a samu a can.

Kawu ya daɗe a wannan tafiyar. Da ya dawo ya zauna a tsakar gida ya ba mu labari. Ya ce Yaya ta kwance zanen, ta ga kunnen ta yi dariya, ta ce ashe na hagu ne. Tana cikin dariyar sai ta ɗora babban yatsa a gefen allon, ta ce masa ya ɗan ba ta wuri. Ya fita ya zauna da mijin. Sai da zai tafi ta fito, ta ba shi saƙon kowa, nawa turare ne da 'yan kunne. Kawu ya juya wajen Inna.

“Ke kuma, Yaya,” in ji shi, don haka yake kiranta, “ta ce a gaida mai hannun.”

Inna tana tankaɗe, ba ta tsaya ba. Ta ce tana amsawa.

An so Yaya ta zo gida haihuwar fari yadda aka saba, amma cikin ya tsufa a tsakiyar damina, an rufe hanya, a can ta haihu. Ba ta zo ba sai da aka sa ranar aurena, ta iso da ɗanta yana tafiya da ƙafarsa. Ta yi jiki, ta koyi yafa lafaya irin ta matan can, in ta yi wa yaron faɗa da Larabci take yi. Mage ta shinshina ƙafarta ta ja da baya, ta hau katanga tana kallonta daga nesa. Yaya ba ta kira ta ba, ta ce a bar ta, tana da gaskiya. Sai bayan kwanaki, muna zaune ana yi mini lalle, ta sauko da kanta ta kwanta a bakin zanen Yaya. Na tambayi Yaya inda ta ajiye allon, ta ce yana cikin ɗakinta ta inda take gani in ta farka.

Ni ban sake ganinsa ba. Aure ya kai ni wani gari a yamma, ita tana arewa, kowa da 'ya'ya da hidima. Mun yi ta aika wa juna saƙo a bakin direbobi shekara da shekaru, kullum ana cewa baɗi in Allah ya kai mu. Zuwan da ta yi bikina shi ne zamanmu na ƙarshe a gida ɗaya.

Ta riga ni barin Bangi, don motar Kawu ba ta jira a kai amarya ba. Da sassafe na saci jiki na raka ta bakin kasuwa, ina lulluɓe don kada a gane ni. Masu rumfa suna ta buɗewa, mata suna sauke ƙullin rogo daga ka. Na saya wa yaron ƙosai mai zafi, Yaya ta ce ya yi mini godiya da Sango, ta faɗa masa kalmar a kunne. Ya dube ni ya ce “singila” a karkace, harshensa na can ne. Muka yi dariya mu biyu har Kawu ya danna ham. Ta hau gaba ta ɗora yaron a cinya, ta leƙo ta taga tana gaya mini in riƙa cin abinci a gidan mutane, kada in yi ta kunya ina zama da yunwa. Motar ta tashi tana maganar, ban ji ƙarshenta ba.